Darasi na Bakwai: Sayen Motar Hannu da Ƙaramin Ƙarfi

A garin Kaduna, wanda yake zaune a Rigasa ko Mando, wurin aikinsa yana Kakuri ko Barnawa, yaransa kuma suna makaranta a wata unguwa dabam, ya san abin da kuɗin bas da Keke Napep ke cinye masa duk wata. Wani kuma so yake ya sa mota a layin Zariya ko Kano daga tashar Kawo, ta riƙa kawo masa na cefane. Sabuwa dal ta fi ƙarfin yawancinmu, dole ta hannu za a nema. An shirya wannan darasi ne domin mai ƙaramin ƙarfi, namiji ko mace, wanda ya daɗe yana tari ko ya kwashi adashi, wanda in kuɗin nan suka salwanta ba shi da wasu da zai mayar.

Raba kuɗin tun kana gida

Kada ka fita neman motar da za ta lashe duk abin da ke hannunka. Motar hannu ba ta shiga gida ba tare da ta nemi wani abu ba. A makon farko za ka juye baƙin mai, ka canza filta, ka duba birki. Wataƙila taya biyu sun suɗe, wataƙila batir ya kusa mutuwa. Ga la'adar dillali, ga sallamar makanike, ga kuɗin canza takardu zuwa sunanka. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya, ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara tun watan Janairun 2023.

Shawarata ita ce ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe. A ce ka tara naira 4,000,000. Ka raba gida biyar, kowane gida naira 800,000 ke nan. Ka ɓoye gida ɗaya. Motar da za ka taya ita ce wadda ba ta wuce naira 3,200,000 ba. Abin takaici ne a ga magidanci ya sayi mota, maƙwabta sun zo sun yi masa Allah ya sa alheri, bayan wata guda tana ƙofar gida an ɗora ta a kan duwatsu saboda babu kuɗin gyara.

Sai maganar mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, shan man mota ya zama abin da ake fara tambaya. Za ka ga tsofaffin manyan jif masu fulogi shida ko takwas sun yi araha, har ranka ya biya. Masu su gudun gidan mai suke yi, shi ya sa suka karyar da su. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a kan mai fulogi huɗu.

Wace iri?

A kasuwa za ka ji ana cewa wannan 'yar Beljiyam ce ko 'yar Kwatano, wato an yi amfani da ita a waje amma ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. Waccan kuma ta hannu ce, wani ya hau ta a nan gida. Ta wajen ta fi tsada, kuma sau da yawa ta fi lafiya, amma ba kullum ba. Akwai waɗanda suka yi mummunan haɗari a Amurka, ko ambaliya ta shanye su, aka sayo su da arha aka yi musu kwaskwarima. Motar wani ma'aikaci da ka sani, wanda daga gida sai ofis yake zuwa da ita kuma yana juye mai a kan lokaci, tana iya fin irin waɗannan nesa ba kusa ba.

Kafin ka zaɓi iri, ka ba da yini guda ka zaga Oriakpata da Panteka, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Ka tambayi masu kayan gyara kuɗin shokozoba, famfon mai, fitilar gaba da injin gwanjo na motar da kake so. In ka shiga shago uku ana ce maka sai an aika Legas ko Kano, to wannan ba motarka ba ce, komai kyanta. Toyota Corolla ta yi suna ne saboda kayanta ko'ina akwai, kuma kusan kowane makanike ya san cikinta, sai dai sunan nan ya sa ta tsada. Pontiac Vibe mai ƙaramin inji, injin Corolla ne a cikinta. Golf 3 ta tsufa, amma direbobin haya ba su rabu da ita ba saboda juriya da sauƙin gyara. Kaduna kuma garin Fijo ne: tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, shi ya sa har gobe ba a rasa gwanayen gyaran Fijo 406 a garin nan. Ka kuma tuna da layin gidanku. In da damina yakan zama kwari da taɓo, mota mai ƙasa-ƙasa za ta riƙa dukan ciki kullum.

Ranar duba mota

Ka je da makanikenka, wanda kai ka ɗauko shi kuma kai za ka sallame shi. Makaniken da dillali ya kira maka, dillali yake yi wa aiki. Ku je da safe, rana ta fito sosai, kuma ka roƙa tun jiya kada a tayar da motar kafin ku iso. Da zuwa ka ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga an tayar da ita, alhali injin da ya kwana a sanyi shi ne yake faɗin gaskiya.

Kafin a murza makulli, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a leƙa ƙarƙashinsa. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar madara ta haɗu da ƙasa, alama ce ruwa yana shiga mai, kuma galibi gaskit ne ya ƙone. A buɗe lagireto tun injin yana da sanyi, a ga ko mai yana yawo a saman ruwan. Sannan ka durƙusa ka dubi ƙasan inda motar ta kwana, ko akwai ɗigon mai.

Yanzu a murza makulli rabi. Fitilun gaban direba duk su kama, har da mai hoton inji da ta jakar iska. In an tayar, su mutu. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa cire ta aka yi don kada ta tona asiri. Kai kuma ka koma baya ka tsaya wajen salansa, a taka totur. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, ya gaji. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuwa, fetur ne yake wucewa fiye da ƙima. Makanike ya duba ko an fasa salansa an kwashe abin da suke kira indomi, wato matatar hayaƙi, domin ana cire shi a sayar. In akwai mai na'urar kwamfuta ta duba mota a kusa, kuɗin da za ka ba shi ba asara ba ne.

Jikin mota ma yana da labari. Ka tsaya a gefe ka kalli fenti a cikin hasken rana, ƙofa bayan ƙofa. Inda launi ya ɗan bambanta, an taɓa wurin. Ka riƙe ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da hoda ne an bi da fenti. Ƙaramin gyara a ƙofa ba abin tsoro ba ne, dalilin neman ragi ne kawai. Amma in ka ga walda ko lanƙwasa a manyan ƙarafan da ke riƙe da inji, ka yi sallama ka tafi. Ka ɗaga kafet, ka ciro safaya taya ka leƙa raminta. Tsatsa, busasshen taɓo da warin rima alamun motar da ta sha ruwa ne, kuma irinta ba ta rabuwa da rewaya.

Sai a hau titi. Zagaye ɗaya a cikin fili bai isa ba. Ku hau Bayafas ta Nnamdi Azikiwe inda za ta shiga duk giyoyinta. Mai canza giya da kanta kada ta yi fizga ko jinkiri. Mai kuloci kada inji ya yi ta ƙugi mota ba ta gaba. Ku kashe rediyo, ku sauka kan hanya mai gargada ku saurari ƙafafu. In kun dawo, ku bar ta a kunne da na'urar sanyi kamar minti goma sha biyar, kana kallon allurar zafi. Motar da ba ta jure tsayuwa ba, ba za ta jure cunkoson Kasuwar Bacci a watan Afrilu ba.

Lambobi biyu da za ka koyi karantawa

Kowace mota tana da lambar shasi, galibi haruffa da lambobi guda 17. Yawanci tana nan a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ba a sa haruffan I, O da Q a cikinta. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar motar: 5 tana nufin 2005, 9 tana nufin 2009, A tana nufin 2010, B kuma 2011. Wannan yana da amfani ƙwarai, saboda akan canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba a ce maka sabon yayi ce. Ka sa yatsa ka ƙirga da kanka. Haka nan agogon tafiyar motocin Amurka yawanci da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kusan kilomita 1.6 ne, ga shi ana iya mayar da shi baya. Sitiyari da ya suɗe da robar birki da ta cinye sun fi agogon gaskiya.

Ta biyu tana jikin taya. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da yin ta, ko da zanenta bai suɗe ba.

Takardu

Nan ne aka fi yin kuka. Inji in ya lalace ana gyarawa, amma motar sata ko wadda ba a biya mata kuɗin kwastan ba, ranar da aka tare ka za ka rasa motar da kuɗin gaba ɗaya, wataƙila har ka kwana a ofishin 'yan sanda. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma duk motar da aka biyo da ita ta daji ba ta da sahihiyar takardar duti. Hedikwatar rundunar kwastan ta Shiyyar B a nan Kaduna take, saboda haka tantance takarda ba sai an yi doguwar tafiya ba.

Ka nemi takardun asali, ba hoto ba: ta kwastan, shaidar mallaka, takardar da aka ba da lamba da ita, lasin mota, takardar lafiyar mota, da inshora. Ka ɗora takarda a kan gilashi, ka gwada lambar shasi harafi bayan harafi. Ɗaya in ya saɓa, magana ta ƙare. Ga yadda ciniki mai tsabta yake tafiya:

"Alhaji, sunan da ke takardar nan ba naka ba ne."

"Na yayana ne, Malam. Yana Abuja, ni ya bar wa sayarwa."

"To madalla. A kira shi mu gaisa, ya turo katin shaidarsa, kuma kuɗin asusunsa zan tura."

"Ai akwai wani da zai zo da kuɗi hannu da la'asar."

"In rabonsa ce Allah ya sa masa albarka. Ni dai sai na ji daga bakin mai ita."

Mai gaskiya ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Kuma kada ka tura kafin alƙalami saboda hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp, wannan cinikin biri a sama ne.

In an sallama, a yanke la'ada a fili, a san wanda zai biya. Ka biya ta banki don shaida ta zauna. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai sayarwa da na mai saye, irin motar, launinta, lambarta, lambar shasi da ta inji, kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu idan an yi ciniki. In karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, ka je da ɗanka ko ƙaninka ya karanta maka a bayyane kafin ka dangwala. Daga nan kada ka yi sanya wajen mayar da takardu sunanka a ofishin rajistar motoci na jiha, domin jami'an KASTLEA, masu kula da dokokin hanya a jihar, abin da ke rubuce suke dubawa.

Aikin gida

Ka nemi izinin wani maƙwabci mai mota. Ka kwafi lambar shasinta a littafinka, ka ƙirga ko ta cika 17, ka ja layi a ƙarƙashin ta goma. Ka kwafi lambobi huɗu na kowace taya, ka rubuta shekarar da aka yi ta. Sannan ka yi wannan lissafi: wata malamar asibiti ta tara naira 5,500,000. In ta ware kashi ɗaya cikin biyar, nawa ta ajiye, kuma motar nawa za ta iya tayawa? Ku zo da amsoshinku aji na gaba.