Cakrar Cibiya: Kurakuran da Masu Zaman Natsuwa Suka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

A tsarin yoga na ƙasar Indiya ana lissafa wasu mahaɗai a jikin mutum da ake kira cakra, a jere daga gindin ƙashin baya har tsakar ka. Ta uku daga ƙasa ita ce ta cibiya, wadda ake kira Manipura da harshen Sanskirit, kuma ita aka danganta da wuta: wutar da ke narkar da abinci, da zafin himma, da ƙarfin niyya. Sunan wutar nan shi ne ya fi jefa masu koyo cikin ɓarna. Mutum sai ya ɗauka wuta ba ta kamawa sai da ƙarfi, ya ƙanƙame ciki, ya yi ta huci, ya tashi da jiri yana murna wai ya fara ganin alama.

Ɗaukar ta tamkar hanta ko ƙoda

Likitan tiyata ba zai buɗe ciki ya tarar da cakra ba. A tsofaffin littattafan tantra, wani reshe na addinan Indiya, siffa ce da ake umartar mai zama ya zana a zuciyarsa, ya ɗora hankali a kanta. Littafin da duniya ta fi dogara da shi, Shat-cakra-nirupana, wani malamin yankin Bengal mai suna Purnananda ne ya rubuta shi a 1577, sannan John Woodroffe, alƙali a babbar kotun Kalkata, ya fitar da shi da Turanci a 1919. A can an siffanta Manipura da furen bado mai ganye 10, launinsa irin na hadari mai nauyin ruwa, a tsakiyarsa akwai jan alwatika, da harafin "ram" a bisa rago.

Ba a ambaci ruwan ɗorawa ba. Launin ɗorawa da ya cika intanet ya zo ne daga marubutan Turai da Amurka, waɗanda wajen shekarun 1970 suka raba wa cakra bakwai launukan bakan gizo. Fassarar da ke haɗa cakra da halayen zuciya ita ma daga baya ta yi ƙarfi, bayan laccocin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya gabatar a Zurik a 1932. Saboda haka mai sayen dutsen ɗorawa ya ɗora a ciki, ko mai cin ayaba da masara wai don "buɗe" cibiya, kasuwa kawai yake rayawa. Gyaran mai sauƙi ne: a ɗauki tsari ɗaya, a san daga ina ya fito, a daina haɗa gambiza. Ko adadin cakra ma ba a haɗu a kansa ba, wasu littattafan biyar suka lissafa, wasu shida, wasu fiye.

Sanya hankali ba a gurbinsa ba

Wurare uku ake cakuɗawa. Na farko ƙahon zuciya, inda haƙarƙari suka rabu, a nan ne tarin jijiyoyin da ke bayan tumbi suke, kuma littattafan Turawa da yawa nan suka mayar da cakrar. Na biyu saitin cibiya kanta. Na uku mara, kimanin yatsu uku ƙasa da cibiya, wurin da 'yan Sin ke kira dantiyan, Japanawa kuma tanden. Kowanne da makarantarsa. Tsohon bayanin Indiya saitin cibiya ya ce, kuma ba a kan fata ba, can ciki wajen ƙashin baya.

Ga yadda ake gano wurin. Ka ɗora ɗan yatsa a cibiya, ka ɗora na ɗaya hannun a bayanka daidai saitinsa. Ka danna kaɗan har ka san wuraren biyu, sannan ka ɗauke hannuwan. Hankali zai zauna tsakaninsu, ya fi kusa da baya. Mai yawan fargaba ko ƙwannafi ya guji ƙahon zuciya, domin sa ido a can yakan ƙara masa jin ƙunci da bugun zuciya.

Wani ƙaramin kuskure: sunkuyar da kai ko murguɗa ido ƙasa a ƙarƙashin fatar ido, kamar ana leƙen cibiyar. Ciwon kai da na wuya kawai yake jawowa. Da ji ake bin wurin, ido kuwa a bar shi ya huta.

Ƙanƙame ciki

Yawancin manya sun saba da tsuke ciki ba tare da sun sani ba, ga bel, ga zariyar wando da aka ɗaure tam. Idan cikin ya ƙi sakewa, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ba ya samun sauka, numfashi sai ya maƙale a sama, kafaɗu na ɗagawa. A irin wannan hali ko an yi awa ana zaune babu abin da za a ji a cibiya sai tauri.

A fara gwadawa a kwance. Kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Idan ka shaƙi iska ta hanci, hannun ƙasa ne ya kamata ya fara tashi. Idan cikinka shigewa yake yi lokacin shaƙa, to numfashinka a juye yake, kuma wannan za ka fara gyarawa kafin komai: minti biyar safe, biyar dare, har ya zama jiki. Kada a tura cikin waje da gangan, sakinsa ake yi iska ta ɗaga shi.

A zaune kuwa, sai ƙugu ya ɗara gwiwoyi tsawo. Matashi mai tauri ko bargo da aka naɗe, kaurin kamar faɗin tafin hannu, ya wadatar. Wanda gwiwa ke damu ya zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, babu abin da ya ragu. Shaƙa cikin ƙirga huɗu, fitar cikin ƙirga shida, wato kusan numfashi shida a minti. Minti 10 kullum ya fi awa guda ranar Lahadi kaɗai.

Gaggawar shiga numfashin wuta

Nan ne ake jin ciwo na gaske. Hatha Yoga Pradipika, littafin Swatmarama na ƙarni na 15, ya kwatanta kapalabhati da bhastrika, wato dabaru biyu na numfashi da sauri, da zugazugin maƙeri, kuma kwatancen ya dace: maƙeri ya san zugar da ta wuce kima gawayi take cinyewa, ƙarfen ma ta lalata shi. Matsalar ita ce bidiyoyi kan nuna gwani yana bugu 120 a minti, sabon shiga ya ce shi ma haka zai fara.

Abin da ke faruwa a jiki sananne ne. Numfashi da sauri yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, sai jiri, da tsikari a yatsu da leɓe, wani lokaci yatsun su ƙage. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin farkawar ƙarfin ruhi. Alama ce ta a dakata.

A kapalabhati fitar da iska kawai ake yi da ƙarfi: mara ta buga ciki sau ɗaya, a sake ta, iska ta shigo da kanta. Ƙirji da kafaɗu da fuska ba sa motsi. Mai farawa ya yi bugu 20, ɗaya a daƙiƙa, ya huta da numfashin yau da kullum na kamar minti guda, ya maimaita sau uku. Duk mako ana iya ƙara bugu 10 in babu jiri. Ciki ya zama wayam, aƙalla awa uku zuwa huɗu bayan cin abinci mai nauyi, shi ya sa sassafe bayan an zaga ya fi dacewa. Kuma ba a yinsa a cikin ruwa, ko ana tuƙi.

Akwai waɗanda ba nasu ba ne sam: mai juna biyu, mai hawan jini ko ciwon zuciya, mai ƙaba, mai gyambon ciki, mai farfaɗiya, mai hawan jinin ido, da wanda aka yi wa tiyatar ciki ba da daɗewa ba. Waɗannan su tsaya a numfashi mai taushi da aka bayyana a sama, ya isa wajen tattara hankali.

Uddiyana bandha, wato zuƙe ciki sama, shi ma ana yawan juya shi. Kuskure biyu ne: yinsa da iska a huhu, da jan ciki da ƙarfin tsoka. Yadda yake shi ne a tsaya, ƙafafu a ware kaɗan, gwiwoyi a ɗan tanƙware, hannuwa a kan cinya. A fitar da iska duka, a rufe maƙogwaro, a buɗa haƙarƙari kamar za a shaƙa amma ba a bar iska ta shiga ba. Cikin da aka saki zai shige ƙarƙashin haƙarƙari da kansa. Daƙiƙa 5 zuwa 10, sai a fara sakin cikin, sannan a shaƙa a hankali. Wanda ya shaƙa da haki ko tari ya daɗe fiye da ƙarfinsa. Nauli kuwa, murza tsokar ciki hagu da dama, ba aikin koyo daga waya ba ne, sai gaban malami.

Farautar zafi

Gaskiya ne akwai masu ɗumama jiki ta wannan hanya. A addinin Buddha na Tibet akwai tummo, ɗaya daga cikin darussa shida na Naropa, wani tsohon malaminsu ɗan Indiya, inda ake siffanta wuta a ƙasan cibiya. A 1982 Herbert Benson na jami'ar Harvard ya wallafa awon da ya yi wa wasu masu wannan ibada a yankin Dharamsala na arewacin Indiya, ya ga zafin yatsun hannu da na ƙafarsu ya ƙaru da har digiri 8.3 a ma'aunin Salshiyas. Amma mutane ne da suka shafe shekaru a keɓe ƙarƙashin malamai, kuma su kansu ba su ɗauki zafin a matsayin manufa ba.

Mai zaman minti 10 zai iya jin ɗumi, ko bugun jini a cibiya (babbar jijiyar jini ce ke wucewa ta wurin, siririn mutum ya fi jin ta), ko kukan hanji, ko bai ji komai ba. Duk daidai ne. Patanjali, wani tsohon malamin yoga, ya ambaci tattara hankali a cibiya a babi na uku na littafinsa Yoga Sutra, amma sai da ya gabatar da gaskiya, da barin cutarwa, da ƙin sata, da wadatar zuci tun a babi na biyu. A wannan ma'auni ake duba ci gaba: ko fushi ya rage saurin tashi, ko mutum na iya cika abin da ya ƙudura, ko ya iya tashi daga kwano kafin ya cika tumbi. Littattafan yogar hatha, irin na Swatmarama, sun ce a bar rubu'in ciki babu komai, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san hadisin raba ciki uku ba. Wanda ya fito daga zama yana jin ya fi kowa, yana saurin hasala, yana kasa barci, ya rage numfashin wuta ko ya bar shi, ya tsawaita fitar da iska, kuma ya daina yinsa da dare.

Furta abin da ba a san ma'anarsa ba

Ana yawan cewa "ram" sauti ne kawai mai girgiza ciki. A asalinsa harafin wuta ne, yana da alaƙa da Agni, abin bautar wuta na Hindu, kuma littafin Purnananda ya zaunar da wasu ababen bautar, Rudra da Lakini, a wannan cakra. Malamin kirki yana faɗa wa ɗalibi wannan tun farko. Wanda aƙidarsa ba ta yarda da shi ba ya sani cewa gyaran zama da numfashin ciki ba sa buƙatar wannan lafazi ko waccan siffa, ƙirgen numfashi ya isa ya riƙe hankali.

Kiran cuta "toshewar cakra"

Wannan ya fi sauran haɗari. Gyambon ciki yawanci ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, kuma yana da gwaji da magani. Ciwon da ya fara a kewayen cibiya, bayan wasu awanni ya gangara ƙasan ciki ta dama, tare da zazzaɓi ko amai, yana iya zama afendis, kuma na gaggawa ne. Kumburin da ke turowa a cibiya idan an yi tari ko yunƙuri ƙaba ce, bugun kapalabhati ƙara ta zai yi. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, rama babu dalili, ko ƙwannafin da ya wuce makonni yana dawowa, duk na asibiti ne, kuma a dakatar da duk wani aikin matsa ciki har sai likita ya duba ya ba da izini.