Kurakuran da matafiya suka fi yi a hanyar Uluru da yadda za a gyara su

Mutum zai ɗauki hayar mota a Alice Springs, a tsakiyar Ostareliya, ya duba taswira ya ga kamar Uluru, shahararren ƙaton dutsen ƙasar, nan da can ne. Daga nan kuskure yake farawa. Tsakaninsu kusan kilomita 450 ne, tafiyar awa biyar. Ka fita da sassafe, ka cika tanki a Erldunda kafin ka karkata zuwa titin Lasseter, kuma kada ka bari magariba ta riske ka a hanya, domin da duhu ya shiga shanu da kangaru da raƙuman daji ke hawowa kwalta. A kan titin nan za ka hango wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai ta hannun hagu. Da yawa suna tsayawa suna murna sun iso, alhali Dutsen Conner ne, da sauran fiye da kilomita 100 a gaba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zuwa wurin kamar dutse ne da ba shi da masu shi. Yana da su. Anangu, 'yan asalin yankin masu magana da harsunan Pitjantjatjara da Yankunytjatjara, gwamnati ta mayar musu da ƙasarsu ranar 26 ga Oktoba, 1985, su kuma suka ba hukumar gandun daji hayarta ta shekara 99, ana gudanarwa tare. Shekara da shekaru suna roƙon baƙi su daina hawa dutsen, har aka rufe hawan a ranar 26 ga Oktoba, 2019. Saboda haka kada ka fara da wurin ɗaukar hoton faɗuwar rana. Fara da cibiyar al'adu da ke cikin gandun, inda ake bayanin Tjukurpa, wato dokar kakanninsu da labarin yadda ƙasar ta samu. Sannan ka bi zagayen Mala na safe, wanda ma'aikatan gandun ke jagoranta kyauta. Bayan haka, idan ka taka kilomita 10 da ɗoriya na kewayen gindin dutsen, kogwannin da tsagogin da kake gani za su zama abubuwa masu suna da tarihi. Ka koyi kalmar "palya", da ita ake gaisuwa.

Sai batun kyamara. Akwai wurare a jikin dutsen da aka kafa alamar hana hoto, domin wasu sirrin maza ne, wasu na mata, kuma ba kowa aka yarda ya gani ba ko a cikin Anangu. Hoton da ka saka a Facebook zai iya kaiwa idon wanda al'adarsa ta hana shi gani. Ka mayar da wayar aljihu har ka wuce alama ta gaba. Haka mutane: tambayi izini tukuna, matambayi ba ya ɓata. Ƙauyen Mutitjulu kuwa gidan mutane ne, ba a shiga sai da takardar izini. Kada ka ɗauki ko tsakuwa. Har yau ofishin gandun yana karɓar duwatsun da baƙi ke dawowa da su ta gidan waya tare da wasiƙun ban haƙuri.

Wasu suna ganin Uluru su juya, su bar Kata Tjuta, curin duwatsu 36 da ke yamma da shi, wanda sunansa ke nufin "kawuna da yawa". Asara ce. Sai dai ka lura da lokaci: Disamba da Janairu, da muke cikin hunturu, can tsakiyar zafi ne, a Yuni da Yuli kuwa sanyin dare yakan kai ruwa ya daskare. Ranar da aka yi hasashen zafi zai kai digiri 36, ana rufe mafi yawan hanyar Kwarin Iska, wadda ake bi da ƙafa a tsakanin duwatsun Kata Tjuta, da ƙarfe 11 na safe. Ka isa da fitowar rana, da lita ɗaya ta ruwa don kowace awa ta tafiya, da ragar fuska saboda ƙudaje.