Kurakuran da aka fi yi wajen bincike da rumbun bayanan marasa lafiya na MIMIC

Rumbun MIMIC-III na ɗauke da bayanan mutane fiye da 40,000 da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman na asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston, a Amurka, tsakanin 2001 da 2012. An goge sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum, kuma kyauta ake samunsa ta shafin intanet na PhysioNet, bayan ka yi kwas ɗin ɗa'ar bincike ka sa hannu a yarjejeniya. Shi ya sa ɗalibai da likitoci suke rububinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake mantawa cewa ba don bincike aka rubuta bayanan ba. Likita da nas ne suka rubuta ana tsakar aiki, sai kuma masu sa lambobin cuta domin inshora ta biya.

Fara da shekaru. Ka lissafa matsakaicin shekarun marasa lafiya, sai ka ga ya yi sama fiye da kima. Leƙa jadawalin da kyau, za ka tarar da masu shekara 300. Da gangan aka yi haka ga duk wanda ya haura 89, don kada a gano shi. Ka haɗa su rukuni guda kafin kowane lissafi. Ranaku ma an tura su gaba, zuwa tsakanin shekarar 2100 da 2200, kowane majinyaci da nasa turin. Tazarar kwanaki ga mutum ɗaya daidai take, amma kada ka jera mutane biyu ka ce wannan ya riga wancan kwanciya.

Kuskuren da ya fi ɓata sakamako shi ne na gurbin da ba komai. Mai bincike ya ga ba a auna wa rabin mutane sinadarin laktet na cikin jini ba, sai ya share su, ko ya cike gurbin da matsakaici. Alhali ruwa ba ya tsami banza: likita ya fi neman gwajin nan ga wanda jikinsa ya tsananta. Idan ka share sauran, waɗanda suka fi jigata kaɗai ka bari, kuma alƙaluman mutuwarka za su kumbura. Ka ƙirga gurabun, ka kwatanta waɗanda aka auna da waɗanda ba a auna ba, ka faɗi hakan ƙarara a rahotonka.

Sai batun lokaci. Wanda aka ba magani a rana ta uku, dole ya rayu har kwana uku. Wanda ya rasu daren farko kuwa ya faɗa rukunin waɗanda ba a ba su ba, sai maganin ya fito kamar mai ceton rai. Ka tsayar da lokaci guda da kowa zai fara ƙirga daga gare shi.

Mutum ɗaya yana iya kwanciya sau huɗu, don haka ka zaɓi kwanciyar farko, ko ka yi lissafin da ya san da maimaicin.

Lambobin cuta na ICD-9 kuma ba su isa shaida ba su kaɗai. In lamba ta ce ƙodar mutum ta samu matsala, buɗe sakamakon gwajin jininsa ka ga ko kiriyatinin ɗinsa, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini in ƙoda ta gaza, ya tashi, kafin ka sa shi cikin rukunin.