Motar caji ba ta barci: shawara ga ɗan Jos mai shirin tafiya ƙasar sanyi

Shekaranjiya da daddare muna zaune wajen mai shayi a Bauchi Road, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sai ɗan yayata da ya samu gurbin karatu a Kanada ya ce, "Kawu, ai mu 'yan Jos sanyi ba baƙonmu ba ne." Dariya kawai na yi, don ni ma da wannan bakin na sauka birnin Winnipeg na Kanada. Sanyin da muke taƙama da shi a nan, wanda ke hana mutum alwala da ruwan randa da asuba, bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. A Winnipeg kuwa digiri 20 ƙasa da sifili a daren Janairu ba labari ba ne, wani lokaci har ya kai 30. Firizar da ake daskarar da kaji a cikinta 18 ƙasa da sifili take. Wato akwai daren da cikin firiza ya fi ƙofar gidanka ɗumi.

Abin da ya kawo maganar shi ne yaron ya ce da ya samu natsuwa zai nemi motar caji, wato mai aiki da lantarki, ta hannu, ya huta da kuɗin mai. Ban hana shi ba, ni ma irinta nake hawa. Ko bai saya ba ma zai iya samun kansa a cikinta, ta haya ko ta wurin aiki. Wanda ya nufi Norway kuwa ba ya da mafita sosai, don a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a can masu caji ne zalla. Amma akwai abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun farko.

Shekarata ta farko da motar, na zo gida bikin ƙanwata a Disamba. Na ajiye ta a fili kusa da filin jirgi, caji na kashi 45, lissafina shi ne tunda ba tafiya za ta yi ba, yadda na bar ta haka zan tarar da ita. Ina Jos kuma sai son burgewa ya kama ni: duk majalisar da na zauna sai na zaro waya na buɗe manhajar motar, ina nuna wa mutane ga ta can a ajiye, ga sanyin da ake yi a cikinta. Sati huɗu ba kwana biyu na koma. Na sauka da dare, na kankare dusar ƙanƙarar da ta rufe gilashi da gefen jakata, na shiga na ga kashi 12. Da kyar na lallaɓa zuwa wurin caji mafi kusa, na jona, na zauna hannuwana a hammata kusan rabin awa lambar ba ta motsa ba. Kilishin da na taho da shi ma na bar shi a hannun jami'an shiga ƙasa, ballantana na samu abin taunawa. (Wannan ma ka riƙe: kada ka ɗauki nama.)

Abu biyu ne suka haɗu a wannan daren, kuma mutane kan cakuɗa su.

Na farko zuƙar gaske ce. Duk mai sola a gida ya san inbata na shan batir ko da an kashe kowane ƙwan fitila, matuƙar dai tana kunne. Motar caji haka take. Akwai kwamfutar da ke lura da batirin, akwai layin intanet da take jiran saƙonka ta kansa, akwai na'urar da ke sauraren makulli. In an ƙyale ta takan yi gyangyaɗi, ta rage sha sosai. Kamfanin Tesla ya rubuta a littafin motocinsa cewa a sa ran raguwar kusan kashi 1 a rana, wasu motocin ba sa kai haka. Amma duk lokacin da ka buɗe manhaja ka tashe ta, kuma sai ta ɗau lokaci kafin ta sake kwanciya. Nawa aikin ke nan a majalisun Jos. Wanda ya fi wannan ci shi ne tsarin gadi na kyamarori da wasu motoci ke da shi, wanda ke hana motar runtsawa kwata-kwata, ya cinye kashi da dama a yini guda. Ga kuma jadawalin ɗumama mota da safe: in ka manta ba ka soke shi ba, wata motar kullum ƙarfe bakwai za ta ɗumama kujera tana jiran mutumin da ke Anguwar Rogo yana cin masa. Sannan in sanyi ya yi tsanani, wasu motocin na kunna hitar batir da kansu don kada ya lalace, kuma daga jikinsa suke ɗibar wutar.

Na biyun ba asara ba ce, riƙewa ce. Ka san yadda manja ke yin barci a kwalba da hunturu, ka kifa ta ya ƙi zuba? Man yana nan, bai ragu ba, sai ya ji ɗumi zai saki jiki. Batirin lithium ma sanyi na rage masa kuzari, sinadaran cikinsa su yi nauyi, sai motar ta nuna maka ƙasa da abin da take da shi. Wasu ma na nuna alamar ƙanƙara shuɗiya kusa da lambar caji. Da batirin ya ɗumama wani kaso zai dawo. Wannan ne kuma dalilin zamana na rabin awa: tura wuta da ƙarfi cikin batirin da ya yi sanyi ƙasa da sifili na yi masa illar da ba ta gyaruwa, shi ya sa motar ke fara ɗumama shi kafin ta karɓa. A Janairun 2024 abin da ya faru ke nan a Shikago ta Amurka, inda motoci suka yi cirko-cirko a wuraren caji, wasu motocin caji ya ƙare musu a kan layi, sai janwe.

To me za ka yi in tafiya ta kama ka? Kuma za ta kama ka, mu ba ma rabuwa da biki da rasuwa, ga azumi ya dawo watannin sanyi, masu Umra na barin mota sati biyu ko uku. In kana da soket a inda kake ajiyewa, ka bar ta a jone, ka sa iyakar caji wajen kashi 50 zuwa 60. Duk abin da take buƙata sai ta ja daga bango. In babu soket, ka cika ta zuwa wajen 80 kafin ka ajiye, ka kashe gadin kyamara da jadawalin ɗumama, ka nemi wurin ajiya na ƙarƙashin gini ko da ya fi tsada, sannan ka cire hannunka daga manhajar. Sau ɗaya a sati ya isa. Abin da ba a yi shi ne barin ta da caji kaɗan, don batirin da ya kai sifili ya daɗe a haka na iya samun matsala mai tsada.

Maganar soket tana da ƙura. Wutar gida a Kanada da Amurka bolt 120 ce, kusan rabin tamu ta 230. A daren da aka yi sanyi mai tsanani, yawancin abin da ke fitowa daga irin wannan soket ɗin a ɗumama batir yake ƙarewa, ka wayi gari ka ga ba ta ƙaru da komai ba. Don ajiya dai ya wadatar. Za ka kuma ga soket a kan turaku a wuraren ajiye motoci na Winnipeg. Waɗannan na hitar injin motocin mai ne, da yawansu kuma ana ɗaukewa ana kawowa da agogo. Ka tambayi mai gida kafin ka jona. Siririyar wayar ƙari irin wadda muke ja daga ɗaki zuwa tsakar gida kuwa, kada ma ka fara.

Akwai kuma ƙaramin batir da kusan kowa ke mantawa da shi, mai bolt 12 a yawancin motoci, irin na kowace mota. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke tayar da kwamfuta, shi ke ba babban batir izinin fara aiki. In ya mutu, ko babban na kashi 90 ne motar ta zama dutse. Sanyi kuwa tsohon batir yake fara kayarwa. In ta hannu za ka saya, ka tambayi shekarunsa. In ya haura uku ko huɗu, a gwada shi kafin Nuwamba. Ka san inda makullin ƙarfe yake a cikin rimot ɗinka in motar na da shi, ka san yadda ake buɗe bonet in babu wuta, ka koya da rana tsaka lokacin zafi. Kuma ba a tayar da ita da turi. Ko samarin Gangare duka za ka tara, ba za ta tashi ba. In ta ƙi, ɗora ta ake yi a bayan babbar mota.

A zirga-zirgar yau da kullum, hita ce mai cin kasonka. Motar mai da zafin injinta take ɗumama ka kyauta, wannan kuwa daga batir take biya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2019: a sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifili, nisan da motocin ke iya zuwa ya ragu da kashi 12 in ba a kunna hita ba, da kashi 41 in an kunna. Saboda haka ka ɗumama ta tun tana jone kafin ka fito, ka fi dogara da hitar kujera da ta sitiyari. In za ka yi caji a waje, ka yi shi da ka dawo daga tafiya batir na da ɗumi, kada ka bari sai da safe. Ka lura kuma, da sanyin safiya in ka ɗaga ƙafa daga totur ba za ta rage gudu da kanta yadda ta saba ba, sai ka taka birki da kanka.

Na faɗa wa ɗan yayata ra'ayina a fili: ɗalibin da zai zauna a gidan haya, mota a bakin titi, babu soket, ya haƙura da motar caji a hunturunsa na farko. Ya hau bas, ya ga yadda Janairu take tukuna. Ya ce to Kawu, kai taka fa, ina ka baro ta? Tana gareji a jone, na sa mata 55, makulli na hannun maƙwabcina. Yau kwanana goma sha ɗaya a Jos, sau ɗaya na leƙa ta. Gobe za mu shiga kasuwar Katako ya zaɓi rigar sanyin da za ta kai shi daga jirgi zuwa masauki, ta gasken sai ya isa can ya saya.