Kwanon gilashi ya tarwatse muku a kicin? Kar ku yi saurin zuwa bola

Salam 'yan uwa sababbin zuwa Turai da Amurka. Cikin kayan da mutum ke fara saye in ya kama gida akwai kwanukan gilashi na oben da kofuna, toh wata rana kuna zaune sai ku ji tau! kwano ya dagargaje ba wanda ya taɓa shi. Yawancinmu sai a ce ƙaddara ce a share a zubar, alhali sau da yawa kuɗinku ne kuka zubar, don in laifin kayan ne doka ta ce a canza muku ko a mayar da kuɗi.

Gilashin kwanukan oben yawanci kala biyu ne. Akwai borosiliket, wanda ba ya buɗewa sosai in ya ji wuta, shi ne mai jure sauyin zafi da sanyi. Akwai kuma na gama-gari da ake gasawa sannan a sanyaya bayansa da sauri don ya yi tauri, shi wannan ya fi jure faɗuwa amma cikinsa a ɗaure yake kamar tantanin ganga, ranar da ya samu 'yar kafa gaba ɗaya yake wargajewa ƙanana-ƙanana. Ko sunan kamfani ɗaya ne sai kun duba, misali Pyrex da ake yi a Faransa borosiliket ne, na Amurka kuwa irin gasasshen ne, don haka ku karanta gindin kwanon da kwalin.

Abin da ya fi fasa shi sauyin zafi ne na farat ɗaya, gefe ɗaya ya tsuke ɗaya yana buɗe. Ka fiddo shi daga oben ka dire kan jiƙaƙƙen tebur ko cikin sink, ko ka kwara masa ruwan sanyi yana da zafi, ko daga firiza kai tsaye ka cusa shi oben. Kan wutar gas kuwa ko ƙarƙashin wutar gashi ta saman oben ba wurinsa ba ne sam. Ku bari oben ya gama ɗaukar zafi kafin ku saka, in kun fiddo ku ɗora kan busasshen tawul ko katako. Wanda bakinsa ya ɓalgace ko ya sha karce ku haƙura da shi kawai, daga nan tsagar ke farawa. Amma fa akwai wanda tun daga masana'anta yake da aibi, wani ɗan ƙwayar datti da ake kira nikel salfaid ke maƙalewa a ciki yana girma a hankali, bayan watanni sai ya fashe yana ajiye a kabad. Wannan ba ruwanku.

In ya faru, ku fara fitar da yara ku sa takalmi, abincin ciki duk a zubar dan Allah kar a tsaya tsince, ƙwayar gilashi ba duka ido ke gani ba. Sannan kafin tsintsiya ku ɗauki hoto, wurin yadda yake, da ɓangaren da ke da tambari, ku tattara ɓaraguzan a kwali ku ajiye har magana ta ƙare. In wani ya yanke shi ma a ɗauki hoto.

Wurin da kuka saya za ku nufa, ba kamfanin da ya ƙera ba, ko da mai kanti ya ce ku je can, da shi kuka yi ciniki. A Birtaniya dokar Consumer Rights Act ta 2015 ta ba ku kwana 30 na mayar da kaya mai aibi a ba ku kuɗinku cif. Daga nan zuwa wata 6 sai su canza ko su gyara, kuma a wannan tsakanin doka na ɗauka da aibinsa aka sayar muku, mai kanti ne zai kawo hujjar cewa ku kuka ɓata shi. Bayan wata 6 hujja ta dawo kanku, gaskiya nan abin ya fi wuya. A ƙasashen Tarayyar Turai garantin doka shekara 2 ne. Amurka kuma ya fi danganta da ƙa'idar kantin da garantin kamfani, amma kuna iya kai rahoto ga hukumar CPSC, mai sa ido kan kayan da ke da haɗari ga masu saye, ta shafin SaferProducts.gov. Rasit ya ɓace? Bayanin banki da ya nuna ranar da kuka biya ya isa shaida. Sai dai in a hannun wani mutum kuka saya na hannu a Facebook, toh yawancin haƙƙoƙin nan babu su.

Ni shawarata ku rubuta imel ko da kun je da ƙafa, gajere: ranar saye, ranar da ya fashe, me kuke yi da shi lokacin, hotuna, da abin da kuke so, canji ko kuɗi. Ba faɗa ba roƙo, kuma ku faɗi gaskiya, don in kun ɗora shi kan wuta ne ƙa'idar da ke jikin kwali ta wanke su. Kunya ce ke cutar mu a nan, ana ganin kamar ƙaranta ce a koma kanti kan kwano ɗaya, su kuwa ma'aikatan kullum aikinsu kenan. In ma'aikacin kantin ya ƙi ku nemi manaja, in an yi shiru ku tuntuɓi banki su janyo kuɗin in da kati kuka biya, kar a ja lokaci don shi ma yana da wa'adi. Ƙungiyar Citizens Advice na ba da shawara kyauta a Birtaniya.

In kuma gilashin ƙofar oben ne ya fashe a gidan haya, wanda kuka tarar a gidan, ku sanar da mai gida a rubuce ranar da abin ya faru tare da hoto, kar a cire muku daga kuɗin ajiya lokacin tashi. Ranar zubarwa kuma kwanon oben da kofin gilashi ba sa shiga kwandon kwalaben da ake sake narkarwa, don narkewarsu ba ɗaya ba ce, ku naɗe a takarda mai kauri ku saka a sharar gama-gari.