Yadda ake zaɓen sandar fatsa da injin naɗe zare, da yadda ake kula da su

Kafin ka taya sanda ko inji, fara sanin kifin da kake nema. Mai kamun karfasa a bakin madatsar Tiga da mai farautar giwan ruwa a tafkin Kainji ba kayansu ɗaya ba.

Injin naɗe zare, wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, da lamba ake gane girmansa. Mai lamba 1000 zuwa 2500 ya wadatar wa karfasa. Tarwaɗa matsakaiciya tana son 3000 ko 4000, giwan ruwa kuwa daga 5000 zuwa sama. Wanda inji ɗaya kawai zai iya saya, 3000 ya fi masa. Idan ka ga 5.2:1 a jikinsa, ma'anarsa duk juyi ɗaya na hannu, zare zai zagaye kwarkwaro sau biyar da ɗoriya. Kada yawan boris ya ruɗe ka, huɗu masu kyau sun fi goma na banza. Juya hannun a gaban mai shago: in ka ji gargada ko yana girgiza, ajiye shi.

Sanda mai tsawon mita 2 zuwa 2.1, mai matsakaicin ƙarfi, ita ce ta yau da kullum. Ta girafait ba nauyi, kuma ko ɗan taɓa koto kifi ya yi za ka ji a hannunka, sai dai ba ta jure bugu. Ta faiba ta fi nauyi amma ta fi juriya, ita ta dace da mai ɗaura kaya a bayan babur. Sama da mariƙi an rubuta ƙarfin zare da nauyin koton da sandar ke ɗauka. Kada ka wuce su. In akwai kifin tsage a ruwan, ɗaura 'yar waya kafin ƙugiya, don haƙoransa na datse zare.

Birkin inji shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Aikinsa ya saki zare a hankali idan kifi ya finciko, kafin zaren ya tsinke. Ana saita shi a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. A ce zarenka na kilo 6 ne: ɗaura robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a bakinsa, ka ɗaga a hankali, kana murɗa maɓallin da ke saman kwarkwaro har zaren ya fara zarewa daidai lokacin da robar ke barin ƙasa. Idan birki na kuka kifi na gudu, dakatar da juya hannu. Duk juyin da ka yi a lokacin murɗe zaren yake yi, daga nan kuma sarƙewa ke farawa. Bayan ka tashi daga fatsa sassauta birkin gaba ɗaya, domin in an ajiye shi a ɗaure, faifan cikinsa kan manne, ya riƙa saki yana fizga.

Wajen naɗa sabon zare, bar tazarar milimita 2 zuwa 3 daga leɓen kwarkwaro. In ya cika maƙil zai zubo a dunƙule, in ya yi kaɗan jifa ba zai yi nisa ba. Bayan jifa, mayar da bakan wayar (lanƙwasasshiyar wayar inji da ake buɗewa kafin jifa) da hannunka, ka ja zaren ya miƙe sannan ka fara naɗi.

Yashi da ƙurar hunturu su ke cin inji. Kada ka ajiye shi a ƙasa, kada kuma ka tsoma shi a ruwa da sunan wanki. Goge shi da tsumma mai laima, ya bushe a inuwa. Ɗigo ɗaya na mai mara kauri, irin na keken ɗinki, ya isa a 'yar tayar da zare ke bi, da mahaɗar baka, da hannu. Giris na haƙoran giya ne kawai, sau ɗaya a shekara, ɗan kaɗan.

Zobban sanda kuma, zura auduga cikin kowanne ka juya. Inda ta maƙale akwai tsaga, kuma ita ce ke kankare zare har ya tsinke ba dalili. A sauya zoben. Idan ƙugiya ta kama a icen ƙarƙashin ruwa, kada ka lanƙwasa sanda kana fizga. Miƙe ta ta fuskanci wurin, dafe kwarkwaro da tafin hannu, ka ja da baya.