Yadda ake gina taswirar wasa a Minecraft ta waya har wani ya buɗe ya buga

Duk mai bin labaran wasannin bidiyo ya san cewa wasu daga cikin manyan wasannin duniya ba a ofishin kamfani aka haife su ba. Samari biyu ne, Minh Le da Jess Cliffe, suka sassaƙo Counter-Strike daga cikin Half-Life a 1999. Dota taswira ce kawai da 'yan wasa suka gina a cikin Warcraft III. Minecraft kuwa, da Microsoft ta saya dala biliyan 2.5 a 2014, kuma aka sayar da fiye da kwafi miliyan 300 zuwa 2023, abin da ya riƙe shi shi ne gine-ginen masu buga shi. Akwai daɗi na daban ka zauna kana kallon wani yana gumi a cikin tarkon da ka ɗana da hannunka.

Sai dai na ga yara da yawa sun shafe mako uku suna gini, su tura wa abokai, a buɗe, cikin minti biyu a rufe. Ginin bai yi muni ba. Sun gina wa kansu ne, sun manta wani ne zai shiga. Ba zan koya maka aza bulo ko tashi sama ba, na ɗauka ka iya. Magana ce ta nau'in Bedrock, wato na waya.

Kafin ka aza bulo ko ɗaya, shiga saitin wasan ka nemi File Storage Location, ka mayar da shi External. Yanzu za ka yi, domin canza shi daga baya ba ya kwaso duniyoyin da ka riga ka gina; sai ka ga jerin ya zama fayau, gabanka ya faɗi, alhali suna nan a tsohon ma'ajin. Daga nan ka buɗe sabuwar duniya a Creative, shimfiɗaɗɗiya wato Flat, ka kunna Cheats da Show Coordinates. Kunna Cheats yana kashe lambobin yabo a wannan duniyar, amma wa ya damu.

Sai girman aikin. Dokata ita ce taswirar farko kada ta wuce minti biyar ana bugawa. Kowa so yake ya fara da birni guda, da ganuwa da ƙofofi da kasuwa, ƙarshe a bar shi kango. Ni na fi son lungu: a shiga ta zaure, a bi ƙuntataccen lungu mai rassa, a hau katanga, a yi tsalle daga soro zuwa soro, a ƙare a wani ɗaki mai akwati. Tun sabuntawar 1.19 ta 2022 akwai bulon laka da tubalinsa, wanda ya fi komai kama da ginin ƙasa irin namu, har zanko za ka iya fitarwa a kusurwar soro. Abin dariya, a wasan ma da laka da alkama ake cuɗawa a sami curin ginin, kamar yadda magina ke cuɗa ƙasa da ciyawa. Amma ado sai daga ƙarshe. Ka fara shata hanyar da bulo iri ɗaya, mummuna ma, ka bi ta sau goma.

Wajen tsalle, ka tuna ɗan wasa ba ya hawa abin da ya kai bulo biyu, kuma iyakar ratar da yake tsallakewa da gudu bulo huɗu ce. Ratar huɗu ta masu kwamfuta ce. Mai danna gilashin waya da babban yatsa, ga zufa ga waya ta yi zafi, uku ta ishe shi, ita ma kada ta zo a farko. Tsallen farko ya zama wanda kakarka za ta ci.

Yanzu umarnin da ba a tsallake su. Ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya a wurin hira:

/gamerule domobspawning false
/gamerule dodaylightcycle false
/gamerule mobgriefing false
/gamerule keepinventory true
/gamerule doimmediaterespawn true
/gamerule commandblockoutput false

Na farko yana hana dodanni fitowa, na biyu yana tsayar da rana inda take, na ƙarshe kuma yana hana rubutu cika wa mutum allo. Sai ka tsaya a bakin zauren ka rubuta /setworldspawn ~ ~ ~ da /gamerule spawnradius 0, don nan ya zama wurin farawa. Ni ba na rufe saman wurin farawa, don na sha ganin baƙo ya faɗo a kan rufi maimakon cikin ɗaki.

Wurin hutu, wato inda mutum zai dawo in ya mutu, shi ke hana a yi fushi a fita. Ka karɓi bulon umarni da /give @s command_block, ka binne shi ƙarƙashin bulon daɓe, ka aza faifan takawa, wato pressure plate, a kan daɓen, ka rubuta spawnpoint @p ~ ~2 ~ a cikin bulon umarnin. Bayan kowane wuri mai wuya ka sa ɗaya. Rowar wurin hutu ba gwaninta ba ce. Idan kana da bulon umarni da dole ya yi aiki ko da ɗan wasa ya yi nisa, ka tsaya kusa da shi ka rubuta /tickingarea add circle ~ ~ ~ 2 tsakiya, domin wasan yana barin yankin da babu kowa kusa ya yi barci. Guda goma kawai ake yarda a duniya ɗaya, kada ka yi facaka da su.

To, a nan gizo ke saƙa, kuma a nan ni ma na sha ƙasa.

Taswirata ta farko kwana goma sha biyu na yi a kanta. Na tura wa wani ƙanena ina ta cika baki cewa in ya gama ta a zama ɗaya zan sa masa data. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya turo hoto: ga shi tsaye a ɗakin ƙarshe, akwati a buɗe, yana tambaya, "Yaya, shi ke nan wasan?" Na rasa bakin magana. Abin da ban sani ba shi ne duniyar Bedrock tana ajiye mai gidan tare da ita. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin a wayarsa, jikinka yake shiga: inda ka tsaya da ka fita, kayan da ke hannunka, yanayin da ka bari. Ni kuwa a ɗakin ƙarshe na gama gyara fitila, ina Creative, aljihu cike da bulon umarni. Wurin farawar da na saita bai yi masa komai ba, don wannan na baƙin da suka shigo ta hanyar haɗin 'yan wasa ne, da kuma wanda ya mutu.

Saboda haka ka riƙe wannan jeri kamar alwala, ba a sa wani gaban wani. Da farko ka fita ka danna Copy World, ka bar asalin a matsayin wurin aikinka, kwafin shi za ka shirya. A cikin kwafin ka mayar da komai yadda yake: rufe ƙofofi, ɗaga makunnai, cika akwatuna. Ka je bakin zaure ka sake saita spawnpoint ɗinka a nan, in ba haka ba mutuwar farko za ta jefa mutum wurin hutun da ka taka na ƙarshe, watakila dab da gamawa. Ka rubuta /clear @s. Ka fuskanci allon da ke ɗauke da dokoki. Sannan /gamemode adventure, ka ajiye ka fita ba tare da ka sake motsi ba. A saitin duniyar ka mayar da Default Game Mode zuwa Adventure domin baƙi. A wannan yanayin ba a fasa bulo ba a azawa, amma ana buɗe ƙofa da akwati, ana danna maɓalli, kuma abin da kake so ke nan.

Duk da haka mutane sun iya neman ɓaraka. Ka miƙa wa yaron da ya fi kowa rashin ji a gidanku wayar, ka zauna gefe ka ja bakinka ka yi shiru. Da ka ce masa "bi ta hagu" ka ɓata gwajin. Duk inda ya tsallake katanga, ka koma asalin ka toshe da bulon da ba a gani, wanda /give @s barrier ke bayarwa, ka sake yin kwafi, ka sake bin jerin daga farko. Haka ne, daga farko.

Turawa ba ta da wani dogon zance. A kwamfuta akwai maɓallin Export World. A Android ka bi Android/data/com.mojang.minecraftpe/files/games/com.mojang/minecraftWorlds, sababbin wayoyi sukan toshe wannan hanya, sai ka jona da kwamfuta ta igiya. Sunayen foldojin shirme ne, ka buɗe levelname.txt ka gane taka. Ka shiga cikin foldar ka zaɓi abin da ke ciki, ba ita kanta ba, ka matse su zuwa zip, ka canza wutsiyar sunan ta koma .mcworld. Ka tura a WhatsApp ko Telegram a matsayin takarda, ka rubuta lambar nau'in wasan da ka yi amfani da shi, don tsohon nau'i ba ya buɗe duniyar sabo. Waɗanda suka samo manhajar wasan ta Xender su ne za su fara damunka da cewa ta ƙi buɗewa.